LAFIYA UWAR JIKI: Sanin Ƙoshi da Yunwa Bayan An Rage Tumbi

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da muka sani tun muna goye, ba wanda ya koya mana, wato yunwa da ƙoshi. Jariri in ya ji yunwa sai ya yi kuka, in ya ƙoshi sai ya saki nono ya yi barci. Amma akwai waɗansu a cikinmu yanzu, manya da su, waɗanda ya zama musu dole su sake koyon wannan abu tun daga farko. Su ne waɗanda likita ya yi musu aiki ya rage musu tumbi saboda ƙiba mai yawa.

Waɗansu ana yi musu aikin a Legas ko Abuja, waɗansu kuwa sukan tafi Masar, ko Indiya, ko Turkiyya. Bayan 'yan kwanaki sai su komo gida. Likitan da ya yi aikin yana can nesa, abin da ya rage kusa da su shi ne iyalinsu da tukunyar gida. Saboda haka maganar nan ta shafi mai girki, da maigida, da 'ya'ya, har da maƙwabta masu zuwa gaisuwa da kwanon abinci.

Me ya sa ake yin aikin?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2022, cikin kowane mutum 8 a duniya ɗaya yana da ƙiba wadda ta kai ta zama cuta. Irin wannan ƙiba takan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da ɗaukewar numfashi cikin barci. Likitoci suna da hanyar aunawa. Sukan ɗauki nauyin mutum da kilo, su raba da tsawonsa da mita, sa'an nan su sake rabawa da tsawon. Misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 100, lissafinta zai faɗa wajen 39. A 2022 manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin wannan aiki, ta Amurka da ta duniya, suka ba da shawara cewa wanda lissafinsa ya kai 35 ya cancanci aikin, wanda kuma ya kai 30 yana da ciwo irin na sukari, sai a duba lamarinsa. Kada mu ce wanda aka yi wa aikin malalaci ne. Magani ne ya nema, kamar yadda mai ciwon ido yake neman nasa.

Abin da likita ya yi a ciki

Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abinci, yana kuwa iya buɗewa fiye da haka. Aiki iri biyu ne aka fi yi a kansa.

Na farko, likita ya yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin ya fitar, ya bar wani siriri mai siffar ayaba. Turawa suna kiransa da sunan hannun riga, gama haka yake kama. Na biyu, likita ya ware 'yar jaka a saman tumbin, wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, ya haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci sai ya ratse, ya bar sauran tumbin da farkon hanjin. Dokta Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka shi ne ya fara irin wannan na biyu a 1966. Yanzu yawanci ba a tsaga ciki da faɗi, sai a huda 'yan ƙananan ramuka a yi aikin da madubin hange.

Ku lura da wannan. Tukunyar da take cin mudu ce aka mai da ta kofin shayi, amma idon mai ita da hannunsa ba a taɓa su ba. Ido yana nan da tsohon awonsa, hannu kuma yana yanko loma irin ta da.

Yadda jiki yake ba da labari

Hausawa sun ce jiki magayi. To, ta yaya yake gaya mana? Akwai wata doguwar jijiya da take saukowa daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya da ƙirji har ciki. Sa'ad da tumbi ya cika ya soma buɗewa, ita ce take kai labari sama. Akwai kuma waɗansu sinadarai masu tafiya cikin jini. Ɗaya daga cikinsu sunansa girelin, wanda Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu suka gano a Japan a 1999. Shi ne mai ta da yunwa, yawancinsa kuwa a saman tumbi ake yinsa, wato a wurin da likita yake fitarwa a aiki na farko. Hanji kuma yana da nasa sinadarai masu cewa ya isa, waɗanda sukan ƙaru bayan aiki, gama abinci yana isa hanji da sauri.

Shi ya sa a watannin farko mutane da yawa ba sa jin yunwa ko kaɗan. Shi ya sa kuma ƙoshi yake canza kama. Wanda yake jira ya ji cikinsa ya yi nauyi ya ɗaure kamar da, zai yi ta jira har ya yi amai.

Sababbin alamun ƙoshi

Ga alamun da waɗanda aka yi wa aikin suka fi ambata. Ba kowa ne yake samun dukansu ba, kowa da nasa.

1. Wani ɗan nauyi ko matsi a ƙahon zuciya, ko a tsakiyar ƙirji. Ƙoshi ya ƙaura daga cibiya ya hau sama.
2. Shaƙuwa, ko da guda ɗaya ce.
3. Gyatsa ƙanana a jere.
4. Hanci ya soma zuba, ko atishawa, alhali ba mura. Waɗansu har ido yakan kawo ruwa.
5. Ajiyar zuciya, wato dogon numfashi da yake zuwa da kansa.
6. Abincin ya daina daɗi a baki, mutum ya ga yana ta jujjuya loma.

Duk wadda ta fara zuwa cikin waɗannan, a ajiye cokali. Ko loma ɗaya ta rage a kwano, a bar ta. In an ƙara, sai alamu na biyu su zo, wato miyau ya taru a baki yana kumfa, da ciwo a ƙirji kamar abu ya tsaya, da tashin zuciya, da amai. Waɗannan suna nuna an riga an wuce iyaka. Abin da ake so shi ne mutum ya tsaya sa'ad da yunwa ta kwanta, tun bai ji ya cika ba.

Labarin ƙoshi kuwa ba ya isa ƙwaƙwalwa nan da nan. Mai ci da sauri yakan cika 'yar jakar kafin saƙon ya iso. Domin haka asibitoci sukan ce a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan abinci. Kada kuma a wuce haka ana ta tsakura, gama abin da aka ci da fari ya riga ya sauka, sai a sami wurin zuba wani, a ci fiye da kima ba a sani ba.

Bari mu ɗauki misali

A ce ga wata uwa, wata biyu ke nan da yi mata aiki, ta tafi sunan ɗan ƙanwarta. Aka kawo mata tuwon shinkafa da miyar taushe, malmala biyu, da lemun kwalba. Ta ci loma uku sai ta ji shaƙuwa, hancinta kuma ya soma zuba. Ta janye hannu. Ƙanwar ta ce, "Haba Yaya, me na yi miki? Ko girkin ne bai yi ba?" Gwaggonsu ta sa baki, "Dubi yadda kika zube, ci mana ki mai da jikinki." Don kunya sai ta ƙara loma biyu, ta kora da lemu. Kafin minti goma tana bayan ɗaki tana amai, mutane kuwa suka soma raɗa, wai an yi mata baki.

Ba wanda ya yi mata kome. Jikinta ya faɗa mata gaskiya tun a loma ta uku, kunya ce ta hana ta ji. Da ta ce, "Gwaggo, likita ne ya ƙayyade mini, sa mini sauran a kwano in tafi da shi," da zance ya ƙare lafiya, ba wanda ya ji haushi.

Tuwo da haɗiya

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mu mun saba yanko lomar tuwo, mu dangwala miyar kuka ko ta kuɓewa, mu haɗiye ba tauna. Ga wanda aka rage wa tumbi wannan al'ada tana da wahala ƙwarai, gama ƙofar da abinci zai bi ta ƙanƙance. Loma mai danƙo takan tsaya a ƙirji. Haka kuma burodi mai laushi, da shinkafa, da nama busasshe irin su kilishi da tsire, mutane da yawa ba sa iya su a watannin farko.

Asibitoci sukan bi da mutum mataki mataki cikin mako 6 zuwa 8. Da fari abin sha kaɗai, sa'an nan abin da aka niƙa ya yi sumul, sa'an nan mai laushi, daga baya abinci sosai. A makonnin farko babban cokali 2 zuwa 4 yakan isa ci ɗaya. Bayan shekara guda mutane da yawa sukan ci wajen cikin kofi ɗaya. Kowane asibiti da nasa tsari, sai mutum ya bi wanda aka ba shi.

Sa'ad da aka kai ga abinci sosai, ga abin da muke ba da shawara. A zauna a ci, a kashe talabijin, a ajiye waya. A zuba wa mai aikin nasa dabam a ƙaramin faranti. Kada ya sa hannu a kwano ɗaya da jama'a, gama a can ba zai san abin da ya ci ba, saurin waɗansu kuma zai ja shi. Kowace loma kada ta wuce kan ɗan yatsa. A tauna ta sau 20 ko fiye, har ta zama kamar kunu a baki. A ajiye cokali tsakanin loma da loma.

A fara da abinci mai gina jiki, wato ƙwai, kifi, kaza mai laushi, alale, wake da ya dahu sosai, da nono marar sukari. Sa'an nan ganye. Tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe, in da sauran wuri. Ana so mutum ya sami giram 60 zuwa 80 na abin gina jiki kowace rana. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kofin madara kuma wajen 8. Ku gani, in an cika 'yar jakar da tuwo, ba yadda za a yi a kai wannan lissafi.

Kada a sha ruwa tare da abinci. Yawancin asibitoci sukan ce a dakata da sha wajen minti 30 kafin ci, a kuma jira minti 30 bayan ci. In an haɗa su, ko dai ruwan ya tare wurin abinci, ko kuwa ya wanke shi ya wuce da sauri, yunwa ta komo tun lokacinta bai yi ba. Amma tsakanin ci da ci a yi ta kurɓa kaɗan kaɗan, har a sami lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini. A ƙasarmu mai zafi, musamman da bazara, wannan ba abin wasa ba ne. Lemun kwalba mai gas kuwa a rabu da shi.

Yunwar gaskiya da masu kama da ita

A watannin farko, da yake yunwa ta yi shiru, kada a jira ta. A ci bisa ga agogo, sau uku a yini, da ɗan abin taɓawa mai gina jiki in likita ya yarda. Wanda ya ce ba ya jin yunwa don haka ba zai ci ba, naman jikinsa ne zai zube tare da kitsen, ƙarfinsa ya ragu, gashin kansa kuma ya ƙara kakkaɓewa.

Ga yawancin mutane yunwa takan komo tsakanin wata 6 da shekara guda. Kada a tsorata, wannan ba ya nuna aikin ya lalace. Amma daga nan ne ake bukatar rarrabewa, gama akwai abu huɗu masu shigowa da rigar yunwa.

Na ɗaya, ƙishirwa. A duba fitsari. In ya yi ja ko ya ragu, ruwa ne jiki yake nema. A kurɓa, a jira minti 15, a gani.

Na biyu, ƙwannafi. Ruwan tsami na ciki yakan yi ta gwaguya kamar yunwa, ya kuwa fi damun waɗanda aka yi wa aiki na farko. In mutum yana jin wannan gwaguya jim kaɗan bayan ya ci, ko cikin dare, ya gaya wa likita, akwai magani.

Na uku, sabo. An saba cin ƙosai a kan hanyar aiki, ko gyaɗa a wurin hira. Lokacin ne ya yi, ciki bai ce kome ba.

Na huɗu, damuwa. Ɓacin rai, da kaɗaici, da gajiya, da zaman banza, duk sukan aiki mutum wurin tukunya. Likita ya yi aiki a tumbi, bai taɓa abin da yake damun zuciya ba. Wanda ya saba rarrashin kansa da abinci yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi, ko aboki, ko dattijon da ya amince da shi, ko likitan da ya san wannan fanni. Ba abin kunya ba ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Yunwar gaskiya takan zo a hankali, bayan awa uku ko huɗu da ci, a ciki ake jinta, kuma dafaffen ƙwai zai kwantar da ita. Ta kwaɗayi kuwa farat ɗaya take faɗowa, a baki da ido take, abu guda kuma take so, ko cincin, ko alewa, ko soyayyen dankali. Mutum ya tambayi kansa, "Da ƙwai aka ba ni yanzu, zan ci?" In amsar a'a ce, to, ba yunwa ba ce.

Mu yi hankali kuma da abinci mai zamewa. Biskit, da cincin, da kunu mai sukari, da fura mai zaƙi, da askirim, ba sa tsayawa a 'yar jakar balle su sa ƙoshi. Mutum yana iya yini yana tsakurarsu bai taɓa jin shaƙuwa ba, nauyin kuwa ya komo a hankali. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sa'ad da abinci ya juye cikin hanji

Wani abu yakan faru, musamman ga waɗanda aka yi wa aiki na biyu. In sun ci abu mai sukari ko maiƙo da yawa, sai ya juye cikin hanji gaba ɗaya. Bayan minti 10 zuwa 30 sai zufa, da jiri, da bugun zuciya, da murɗar ciki, da gudawa. Wani lokaci kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 abin yake zuwa, sukarin jini ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa, mutum ya ji wata irin yunwa mai tsanani. Wannan yunwa zaƙin da aka sha ne ya haife ta. A gaya wa likita domin ya nuna abin da za a yi in ta zo. Maganinta na ainihi kuwa shi ne a rage zaƙi tun farko.

Alamun da ba a kwana da su

Akwai abin da ba na ƙoshi ba ne, na haɗari ne. A tafi asibiti nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zazzaɓi, ko zuciya tana bugawa da sauri ba ta lafawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi da ƙyar, musamman a makonnin farko.
2. Amai da ya ƙi tsayawa, ko ruwa ma ba ya zama. Irin wannan yakan ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.
3. Aman jini, ko baƙin bayan gida.
4. Ruɗewa, ko gani bibbiyu, ko ƙafafu su riƙa mutuwa.

A gaya wa duk likitan da aka tarar irin aikin da aka yi, a kuma riƙe takardar asibiti a inda za a same ta da sauri. Bitamin da aka rubuta, irin su B12, da D, da maganin ƙarin jini, da na ƙashi, na har abada ne, tare da gwajin jini a kai a kai. Kada a sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon jiki sai da izinin likita, gama suna iya jawo gyambon ciki. Giya tana kama wanda aka yi wa aikin da sauri fiye da da, barinta ya fi. Mata su jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki. Mai niyyar azumi kuma ya nemi shawarar likita tukuna, musamman a shekara ta farko.

Kalma ga iyali

Mun san a wurinmu abinci ƙauna ce. Wanda muke so shi muke cika wa kwano, mu tsaya a kansa muna cewa ƙara. Amma ga wannan ɗan'uwa namu sai ƙaunar ta sake hanya. Uwargida, ki dafa masa ƙwai ko kifi mai laushi, ki zuba kaɗan, kada ranki ya ɓaci in ya rage. Maigida, in matarka ce, ka tsaya mata a gaban dangi, ka faɗa musu da bakinka cewa umarnin likita ne. Yara, kada ku yi dariyar ƙaramin farantin Baba. Kada kuma mu zama 'yan sanda masu ƙirga masa loma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kai kuma da aka yi wa aikin, ka sami ɗan littafi. Har mako biyu ka riƙa rubuta abin da ka ci, da lokacin, da yawansa, da alamar da ta fara zuwa maka. Kafin makonnin su cika za ka san taka alama, ko shaƙuwa ce, ko hanci, ko nauyin ƙirji. Ka tafi da littafin ranar ganin likita. In wata rana ka kuskure ka yi amai, kada ka karai. Ka koma ga abin sha da mai laushi na 'yan sa'o'i, kashegari ka sake gwadawa a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.